Daga Kogon Dutse zuwa Firji: Tarihin Sarrafa Zafi wajen Tsima Giya a Gida

1. Gabatarwa

A ƙasashen Turai da Amurka akwai mutane da yawa da ke dafa giyarsu a gida, ba don sayarwa ba. Wanda ya leƙa ɗakin ajiyar ɗayansu a yau, sau da yawa zai tarar da tsohon firji, a cikinsa an girke tulun gilashi ko na ƙarfe mai cin lita 20 ko kusa da haka, kuma a jikin ƙofar an rataye wani ɗan akwati da bai fi tafin hannu ba. Aikin akwatin shi ne ya auna zafin abin da ke cikin tulun, ya kunna firjin idan zafi ya hau, ya kashe shi idan ya sauka. Kuɗinsa kaɗan ne, amma aikin da yake yi aiki ne da ya gagari sarakuna da attajirai har tsawon ƙarnuka.

Manufar wannan maƙala ita ce bin sawun wannan ɗan akwati. Za mu nuna cewa a tarihin giyar Turai, wanda ya mallaki sanyi shi ne ya mallaki sana'ar: da fari tana hannun matan gida masu bin yanayin shekara, daga baya ta koma hannun masu kogo da ƙanƙara, kana ta koma hannun masu inji da jari, sai a ƙarshen ƙarni na 20 wani sashe nata ya sake komowa gida. Mun san giya haramun ce ga Musulmi, su ne kuwa mafi yawan masu karatunmu. Abin da ya kai mu ga binciken shi ne, injin sanyin da ke tsare maganin rigakafi a asibitocinmu, da nama da madara a kasuwanninmu, a ma'aikatun giya aka raine shi, don haka ba a iya ba da tarihinsa a tsallake su.

Ya kamata tun farko mu daidaita kalmomi. Tsiro shi ne hatsin da aka jiƙa har ya fara toho sannan aka busar, kamar wanda ake sa wa kunun zaƙi. Turawa da sha'ir suke yin nasu. Ruwan tsiro shi ne ruwa mai zaƙi da ake tatsa daga tsiron a dafa. Tsimuwa kuwa muna nufin aikin da yisti ke yi, wato ya ci sukarin ruwan tsiro ya mai da shi barasa da iska mai kumfa. Duk inda muka ce digiri, na ma'aunin Selsiyus muke nufi.

2. Abin da ya haɗa zafi da tsimuwa

Yisti halitta ce mai rai, ƙanƙanuwa ƙwarai, ba a ganin ƙwaya ɗayarta sai da madubin likita. Kamar kowane mai rai, akwai zafin da ya fi jin daɗin aiki a cikinsa. Idan sanyi ya yi yawa sai ya kwanta a gindin tulu ya bar sukari bai cinye ba. Idan zafi ya yi yawa sai ya yi aiki da gaggawa, ya fitar da wasu sinadarai masu ƙanshin ayaba da ta nuna ta wuce, da wasu masu kartar maƙogwaro. Abin da ya fi wannan muni, zafi na taimakon ƙwayoyin da ke kawo tsami, irin waɗanda ke sa madara ta zama nono, har su riga yistin cin sukarin.

Akwai kuma wata matsala: tsimuwa da kanta tana haifar da zafi. Ruwan da ke cikin tulu a tsakiyar aiki yakan ɗara iskar ɗakin zafi da digiri biyu zuwa biyar, a babban tanki kuwa abin ya fi haka nesa, domin yawan ruwan na hana zafin fita. Ke nan duk sa'ad da mai sana'a ya so ƙara girman tukunyarsa, sai matsalar zafi ta ƙaru tare da ita.

Turawa sun san iri biyu na yisti. Na farko yana taso wa saman ruwa da kumfa, yana aiki tsakanin digiri 15 da 24, cikin ƴan kwanaki. Giyarsa ita Ingilishi ke kira el. Na biyu yana kwanciya ƙasa, yana aiki a hankali tsakanin digiri 7 da 13, bayan haka a ajiye giyar makonni a sanyin da ya kusa daskarar da ruwa. Ita ce laga, daga kalmar Jamusanci mai ma'anar ajiya. A wannan maƙala za mu kira su giyar ɗumi da giyar sanyi.

3. Zamanin kogo da ƙanƙara

A Ingila, kafin ƙarni na 15, mata ne mafi yawan masu dafa giya. Kaɗan-kaɗan suke yi, a sha cikin ƴan kwanaki kafin ta yi tsami, ma'auninsu kuwa yatsa ne da gwiwar hannu. Da birane suka haɓaka, sana'ar ta koma ta maza masu manyan tukwane, sai lokacin zafi ya zama lokacin hasara.

A Bavariya, kudancin Jamus, hukuma ce ta shiga tsakani. A 1516 aka kafa dokar da ta kayyade abin da za a sa a giya, wato ruwa da sha'ir da wani fure mai ɗaci da Faransawa ke kira hublon. Ba a ambaci yisti ba. A 1553 kuma sarki Albrecht na Biyar ya hana dafa giya daga 23 ga Afrilu zuwa 29 ga Satumba. Dalilai biyu ake bayarwa: tsoron gobara a lokacin rani, da lalacewar giyar da aka yi da zafi. Wannan hani ya dore har 1850.

Dokar ta jawo abin da ba a yi niyya ba. Tun da ba a dafa giya sai da sanyi, yistin da ke jure sanyi shi ya yi ta rinjaye shekara bayan shekara, har Bavariya ta zama gidan giyar sanyi. Masu sana'ar sukan dafa mai yawa a watan Maris, su zuba a ganguna, su ajiye a kogunan dutse da ramukan da suka haƙa a gefen tuddai. Da hunturu sai a yanko ƙanƙara daga tafkuna da zarto, a jibge ta a ramukan don ta riƙe sanyi har kaka. A bisa ramukan aka shuka itatuwa masu faɗin ganye da gajerun saiwoyi don inuwa, kuma a 1812 sarki Maximilian na Farko ya ba masu ramukan Munik izinin sayar da giya a ƙarƙashin itatuwan. Wannan shi ne asalin lambunan shan giya na Bavariya.

Sai a 2011 masana suka gano asirin wancan yisti. Ashe barbarar yanyawa ne: rabinsa yistin ɗumi da aka sani, rabinsa kuma wani yistin daji mai jure sanyi, wanda aka fara samu a jikin itatuwan Patagoniya, kudancin Ajantina. Daga baya an same shi a tsaunukan Tibet, kana a 2022 aka same shi a Dublin, ƙasar Ailan. Masu ramukan Bavariya sun yi ƙarnuka suna kiwon wannan halitta ba su san da ita ba.

4. Shigowar ma'auni

Yayin da Jamusawa suka dogara ga kogo, Ingilishi sun bi hanyar awo. Daniel Fahrenheit ya ƙera ma'aunin zafi mai zaiba a 1714, Anders Celsius kuma ya fito da nasa tsarin digiri a 1742. Wani mai dafa giya na Landan, Michael Combrune, shi ne ya fara rubuta yadda za a yi amfani da ma'aunin a sana'ar, cikin littattafai biyu, na 1758 da na 1762. A 1784 John Richardson ya bayyana ma'aunin sukari, wani ɗan abu da ake sakawa ya yi iyo a ruwan tsiro: gwargwadon yawan sukarin, gwargwadon yadda yake tasowa. Da waɗannan kayan biyu mai sana'a ya sami damar rubuta abin da ya yi jiya don ya maimaita shi gobe.

Amma sanin zafi daban, rage shi daban. A ƙarshen ƙarni na 18 aka fara nannaɗe bututun jan ƙarfe a cikin tankin tsimuwa, ana tura ruwan rijiya mai sanyi ta ciki. In zafi ya hau a buɗe famfo, in ya sauka a rufe. Wannan dabara ce ta ba manyan ma'aikatun Landan damar yin aiki duk shekara, kuma ita ce kakar duk na'urorin da za mu ambata a gaba, domin tushensu ɗaya ne: a auna, a gwada da abin da ake so, a gyara.

A 1833 wasu samari biyu, Gabriel Sedlmayr ɗan mai ma'aikatar Spaten ta Munik da Anton Dreher na kusa da Biyana, suka zaga ma'aikatun Birtaniya. Da yake masu gidan ba su son sakin asiri, samarin sun yi amfani da sanduna masu rami a ciki, suna tsoma su a tanki a ɓoye, su je masauki su auna abin da suka ɗebo. Suka koma gida da ma'auni da ilminsa, suka haɗa shi da sanyin ramukansu. Dreher ya fitar da sabuwar giyar sanyi a 1841. A 1842 kuma, a garin Pilsen na ƙasar Cek ta yau, wani Babavare mai suna Josef Groll ya dafa giyar sanyi mai launin zinariya, aka ajiye ta a ramukan da tsawonsu ya kai wajen kilomita 9 daga baya. Ita ce uwar yawancin giyar da ake sayarwa a duniya.

Labarin J. C. Jacobsen na Kopenhagen ya nuna irin wahalar zamanin. A 1845 ya karɓo yisti daga hannun Sedlmayr, ya sa shi cikin akwatin hularsa, ya kama hanya a keken doki, duk inda aka ya da zango sai ya nemi ruwan sanyi ya kwara wa tukunyar don kada yistin ya mutu. Da shi ya kafa ma'aikatar Carlsberg a 1847.

5. Injin sanyi

Da giyar sanyi ta sami kasuwa, ƙanƙara ta zama haja. Tun 1806 Frederic Tudor na Boston ya fara kai ta tsibirin Martinik a jirgin ruwa, a 1833 ya kai ta har Kalkata. Norwe ma ta yi ta sayar wa Ingila. Sai dai ƙanƙara ba ta da alkawari. Shekarar da hunturu ya zo da sauƙi, farashinta ya kan tashi, ga nauyi, ga cin wuri, ga datti da jiƙa rami idan ta narke. Mai ma'aikatar da ya zuba dukiyarsa a ganguna ya kan kwana da fargaba.

Tushen injin sanyi ba baƙo ba ne ga wanda ya san randa. Ruwan randa na yin sanyi domin wanda ke tsattsafowa ta jikinta yana bushewa, kuma duk ruwan da zai zama tururi sai ya ɗebi zafi daga abin da ke kusa da shi. Abin da inji ya ƙara shi ne ya sami wani ruwa mai saurin zama tururi, ya kulle shi a bututu, ya bar shi ya tururce a wurin da ake son sanyi, sannan ya matsa tururin ya koma ruwa a waje inda zafin zai fita, a sake zagayowa. James Harrison ya ƙera irin wannan inji a Ostareliya a shekarun 1850, masu giya kuwa na cikin waɗanda suka fara saye. A Faransa Ferdinand Carré ya fito da nasa mai aiki da amoniya a 1859.

Wanda ya kai abin ga inganci shi ne Carl Linde, malami a makarantar fasaha ta Munik. Rubuce-rubucensa na 1870 da 1871 sun jawo hankalin masu giya, Sedlmayr ya ɗauki nauyin gwajinsa, aka girka injinsa na farko a Spaten a 1873. Bai gamsar ba, sai Linde ya koma ga amoniya, ya kammala sabon inji a 1876, aka kafa shi a ma'aikatar Dreher ta Triyeste a 1877. A 1879 ya kafa kamfaninsa a Wiesbaden. Injin na sanyaya ruwan gishiri, wanda ba ya daskarewa da wuri, a tura shi ta bututu zuwa tankuna da ɗakunan ajiya. Masu giya ne suka fi sayensa a shekarun farko, kafin mahauta da masu madara da jiragen ruwa su biyo baya.

A daidai wannan lokaci aka fahimci yistin kansa. Louis Pasteur ya tabbatar cewa tsimuwa aikin halittu masu rai ce, ya wallafa littafinsa kan giya a 1876, inda ya nuna cewa baƙin ƙwayoyi ne ke ɓata ta. A 1883 Emil Christian Hansen na ɗakin binciken Carlsberg ya ware ƙwayar yisti guda ya hayayyafa ta ita kaɗai. Daga nan aka haɗa yisti tsantsa da sanyi tabbatacce, giya ta daina bin yanayi. Injiniya Leopold Nathan ya ƙara da tanki rufaffe mai tsinin gindi, inda yisti ke taruwa a zare shi ta ƙasa. Ya yi rajistarsa a 1908 da 1927, amma sai a shekarun 1960 da 1970 ya bazu.

Masu iya magana sun ce da ruwan ciki ake jan na rijiya. Injin Linde ya kan cika ɗaki, yana bukatar tukunyar tururi da injiniya, don haka ƙananan ma'aikatu da yawa suka rufe, manya suka haɗiye kasuwa. Shi ne kuma ya sa aka iya yin giyar sanyi a ƙasashen da ba su taɓa ganin ƙanƙara ba: an fara yin ta a Legas a 1949, a Kaduna a 1963, a Yamai kuma aka kafa Braniger a 1967.

6. Yadda sana'ar ta komo gida

Abu biyu suka hana mutum yin irin wannan giya a gidansa: doka da rashin sanyi. A Birtaniya, tun 1880 sai da lasisi ake dafa giya a gida, har ministan kuɗi Reginald Maudling ya soke sharaɗin a 1963. A Amurka an hana barasa gaba ɗaya daga 1920 zuwa 1933, da aka ɗage hanin kuma sai aka yarda da ruwan inabi na gida ba a ambaci giya ba. Sai a 14 ga Oktoba 1978 shugaba Jimmy Carter ya sa hannu a dokar da ta halatta ta, ta fara aiki a Fabrairu 1979, da iyakar galan 100 a shekara ga baligi ɗaya, wato wajen lita 380, ko ninkinsa ga gida mai baligai biyu ko fiye. Jihohin Misisipi da Alabama su ne na ƙarshe da suka amince, a 2013. A ƙarshen 1978 Charlie Papazian da abokinsa Charlie Matzen suka kafa ƙungiyar masu dafa giya a gida a garin Boulder, littafin da Papazian ya fitar a 1984 kuma ya koyar da dubbai.

Sanyi kuwa ya riga ya shiga gidaje ta wata ƙofa. Kamfanin General Electric ya fitar da firjin da ya sami karɓuwa a 1927, bayan yaƙin duniya na biyu kuma ya zama kayan kowane gida a Amurka. Ya zuwa shekarun 1980 tsofaffin firji sun yi arha ƙwarai. Sai dai firji an ƙera shi ne ya riƙe abinci a digiri 3 ko 4, sanyin da ke kwantar da yisti. Abin da ya rage shi ne a sami mai tsaron da zai tsai da shi a digiri 10 ko 19.

7. Kayan da masu gida suka ƙera

Na farko sun fara da abin da ke hannu. Wasu su girke tulun a kwarya mai ruwa, su lulluɓe shi da tsohuwar riga da bakinta ke cikin ruwan, su sa fanka. Bushewar ruwan ta kan rage zafi da ƴan digiri. Dabarar randa ce sak, ita ce kuma malam Mohammed Bah Abba na Jigawa ya yi amfani da ita a tukunyarsa mai ciki biyu da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, wadda ta sa ya ci kyautar Rolex a 2000. Wasu kuma su haɗa akwati da allunan kumfa masu tsare zafi, su sa gorunan ruwa daskararru a wani sashe, da ƙaramar fanka da ke hura sanyin in an bukata. Wannan ramin Bavariya ne aka ƙanƙanta, aibinsa ma iri ɗaya: kullum sai an sake ƙanƙara.

Mataki na gaba shi ne ɗan akwatin da muka fara da shi. Asalinsa tsoho ne: Warren Johnson ya yi rajistar na'urar daidaita zafin ɗaki mai aiki da lantarki a 1883, kamfanin da ya kafa, Johnson Controls, na cikin waɗanda masu giyar gida suka yi ta sayen na'urorinsu. Ana sa filogin firji a jikin akwatin, shi kuma a sa shi a bango. Wata ƴar waya mai jin zafi ta shiga cikin firjin, akwatin ya riƙa ba da wuta yana yankewa. Daga baya aka sami masu arha daga Sin, irin su STC-1000 da na Inkbird, masu baki biyu: ɗaya na firji, ɗaya na ƴar na'urar ɗumama wuri, don daren hunturu.

Masu aikin sun koyi darussa uku da hasarar giyarsu. Na ɗaya, zafin ruwan ake so ba na iskar firji ba, don haka ake manna wayar a jikin tulu a rufe ta da soso, ko a zura ta cikin wani bututu mai toshen gindi da ya nutse a ruwan. Na biyu, dole a bar rata, kamar rabin digiri ko ɗaya, tsakanin kunnawa da kashewa, a kuma sa jinkirin ƴan mintoci, in ba haka ba injin matsin firjin ya ƙone. Na uku, ba zafi ɗaya ake so daga farko har ƙarshe ba. Mai giyar sanyi ya kan fara da wajen digiri 10, in aiki ya kusa ƙarewa ya ɗaga zuwa 16 ko 18 na kwana biyu ko uku don yistin ya shanye wani sinadari mai ɗanɗanon man shanu, sannan ya saukar zuwa kusa da sifiri don giyar ta tace.

Wannan bukata ta uku ita ta jawo kwamfuta. Da ƙaramar kwamfutar Raspberry Pi ta fito a 2012, masu sha'awa suka haɗa ta da firji, kamar yadda aka yi a tsarin BrewPi na ƙasar Holan, ta yadda mutum zai tsara zafin kowace rana tun farko, ya duba shi ta intanet. A shekarun 2010 kuma aka fara sayar da ƙananan tankunan ƙarfe masu tsinin gindi, da injin da ke tura ruwan gilaikol mai sanyi ta bututun da ke cikinsu ko jikinsu. Mai lura zai ga tankin Nathan ne, da bututun Landan, da ruwan gishirin Linde, an mai da su na lita 20 zuwa 50.

8. Hanyar da aka manta

Duk abin da ya gabata ya ginu a kan ra'ayi ɗaya, cewa sai an daidaita zafi ya dace da yisti. Akwai hanya ta biyu, wato a nemi yistin da ya dace da zafi. A ƙauyukan yammacin Norwe, irin su Voss da Hornindal, manoma sun gaji wani yisti da suke kira kveik, suna busar da shi a jikin zoben itace daga wannan dahuwa zuwa waccan. Yana aiki tsakanin digiri 30 da 40, ya gama cikin kwana biyu zuwa huɗu, ba tare da mummunan ɗanɗanon da aka saba gani a irin wannan zafi ba. Ya kusa ɓacewa domin ilmin ma'aikatu bai san da shi ba, sai daga 2014 da Lars Marius Garshol ya bi gidajen manoman ya rubuta aikinsu, aka kai yistin ɗakunan bincike. Masu giyar gida da ke ƙasashe masu zafi suka karɓe shi hannu bibbiyu, tun da ya rage musu bukatar firji.

A nan tarihin ya taɓo ƙasarmu. A Maraɗi, Damagaram da Tawa zafin Afrilu da Mayu ya kan wuce digiri 40, amma matan Maguzawa da na Azna sun daɗe suna dafa burkutu da tsiron dawa. Ba su yaƙi tsami ba, sun sa shi cikin aikin: a bar ruwan ya yi tsami tukuna, tsamin ya kore miyagun ƙwayoyi, a sake dafawa, a huce, a zuba gamin dahuwar baya, a sha cikin ƴan kwanaki. Haka mai nono ke yi da kindirmo, mai daddawa kuma ta lulluɓe kalwarta don ta riƙe ɗumi, marini ya haƙa karofinsa a ƙasa inda zafi ba ya saurin sauyawa. Dukansu sarrafa zafi suke yi, ba su dai rubuta shi da digiri ba.

9. Kammalawa

Mun ga yadda shekara 400 da ɗoriya suka shiga tsakanin dokar 1553 da ɗan akwatin da ke jikin firji, da yadda kowane sabon kayan aiki ya sauya mai riƙe da sana'ar. Mun kuma ga cewa abin da ya fara raba Combrune da magabatansa ba inji ba ne, ma'auni ne da littafin rubutu. Wannan aiki har yanzu yana jiran masu bincikenmu: a zauna da masu nono, masu daddawa, masu kunu da marina, a auna zafin kowane mataki na aikinsu a damina da hunturu da bazara, a adana gamin da suka gada, a kuma tattara kalmomin da suke kiran kowane hali na tsimuwa, daga Filinge har Gure. Yistin Norwe ya tsira domin an tarar da tsofaffin da suka san shi da ransu. Namu tsofaffin ma ba za su jira mu har abada ba.